Wa ya sauke Yusufu da Maryamu a Masar?

Ranar 25 ga Disamba hutu ce a Nijar, kuma ofisoshin Tawa ma a rufe suke wuni, ko da yake Kiristocin garin ba su da yawa. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na 'yan ƙasa ba, a Adar kuwa, yankin da Tawa take, ƙasar malamai da makarantun allo, sai an nema ake ganin majami'a. 'Yan kaɗan ɗin da ke akwai suna yin Nowel ɗinsu kamar yadda ake yi ko'ina: tela ya kwana a kan keke, a yanka kaji, a dafa shinkafa, yara su yi wasan makiyaya da mala'iku a gaban ikilisiya, a aika wa maƙwabta Musulmi da kwano kamar yadda su ma suke aiko da nama ranar layya. Babu abin zargi a cikin wannan. Sai dai labarin da ake bikin dominsa, in an karanta shi yadda Matiyu da Luka suka rubuta, labarin iyali ne da suka nemi masauki har sau biyu, na farko a cikin ƙasarsu, na biyu a ƙasar wasu. Kiristan Tawa ko Abalak ko Kaita da ke neman darasin zaman duniya a cikinsa, gurbin da labarin ya bar masa shi ne na mai masauki, kuma a shekarun nan arewacin jihar Tawa cike yake da masu neman inda za su ajiye kayansu.

Luka ya fara ne da umarnin da ya fito daga nesa. Kaisar Augustas yana zaune a Roma ya ce a ƙidaya mutane, sai kowa ya kama hanyar garin kakanninsa don a rubuta shi. Yusufu masassaƙi ne a Nazarat ta Galili, asalinsa kuwa Baitalami ta Yahudiya, tafiyar da ta haura kilomita 100, kusan daga Tawa zuwa Ƙwanni, ga Maryamu da tsohon ciki. Ba wanda ya tambaye su ko lokacin ya yi musu. Suka isa gari ya cika, naƙuda ta zo, ba wuri a masauki, aka naɗe jaririn aka kwantar da shi a komin dabbobi. Masu zanen katin Kirsimeti sun ƙawata wannan komi har ya zama gadon 'yan gata, amma duk wanda ya taɓa kiwon rago a bayan ɗaki ya san abin da ake nufi: rabin tano ko tsohon turmi, gefensa ya sha lasa, ƙasansa da ragowar dusa da ƙaiƙayi, warin turke ya kama shi. Mai jego ba ta kwantar da ɗanta na fari a nan sai in babu. Abin lura kuma, mugun mai masaukin nan da yara ke kwaikwayo, wanda yake rufe ƙofa da tsawa, ba ya cikin Luka, ƙarin masu wasa ne. Abin da ke cikin Luka shi ne rashin wuri da kuma komi. Komi kuwa yana da mai shi. Wani ne, wanda ba a faɗi sunansa ba, ya duba gidansa ya ga ba ɗaki, ya ce to ga wajen dabbobi, ya fi kwanan titi.

Talaucin iyalin ma ba a ɓoye yake ba. Bayan kwana 40 suka kai jaririn Haikali a Urushalima, kuma abin da suka miƙa tsuntsaye biyu ne, kurciyoyi ko 'yan tattabaru. Wanda ya san Littafin Firistoci sura ta 12 ya san ma'anar haka: ɗan rago shari'ar Musa ta tanadar wa mai jego, tsuntsayen biyu sassauci ne ga wadda ba ta da halin rago. Waɗanda aka fara yi wa albishir kuma makiyaya ne masu kwana a daji da garkensu. A Adar da Azawak ta yau wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin makiyayi, Bafulatani ne ko Buzu, ya zama wanda ake kallo sau biyu in ya shigo kasuwa da rawani ya rufe fuska, ana haɗa shi da 'yan bindigar da shi ma suka kwashe masa dabbobi. Majami'ar da ke sa yara su ɗaure rawani su riƙe sanda a daren Nowel, ya kamata ta tambayi kanta yadda za ta karɓi mai sandan gaske in ya tsaya a ƙofarta.

Matiyu ne ya kawo neman masauki na biyu, wanda aka fi tsallakewa don ba ya daɗin waƙa. Masana taurari daga gabas suka bi ta Urushalima suna cigiyar sarkin da aka haifa, hankalin sarki Hirudus ya tashi, ya ba da umarnin a kashe yara maza na Baitalami da kewayenta daga mai shekara 2 zuwa ƙasa. Aka gargaɗi Yusufu a mafarki, ya tashi cikin dare ya ɗauki yaron da uwarsa ya nufi Masar, suka zauna can har Hirudus ya mutu. Masar a lokacin tana hannun Roma tun shekara ta 30 kafin haihuwar Almasihu, ikon Hirudus bai kai can ba, kuma Yahudawa na da yawa a cikinta, musamman a Iskandariya. Amma ga Bayahude, Masar ita ce ƙasar bautar da Annabi Musa ya fitar da kakanninsa, sai ga shi wuya ta mayar da su neman mafaka inda aka gudo. Kiristocin Kibɗawa har yau suna riƙe da wuraren da al'adarsu ta ce iyalin sun yada zango, kamar majami'ar Abu Sarga da ke tsohuwar Alƙahira. Matiyu kansa bai ambaci gari ko gida ba. Duk da haka mai hankali ya san baƙo da mace da goyo ba ya rayuwa a ƙasar da bai sani ba sai wani ya ba shi inuwa, wani ya nuna masa rijiya, wani ya ba shi aikin sassaƙa ya biya shi. Kiristoci sun yi imani cewa wannan yaro shi ne Mai Ceto, to bisa ga nasu imanin, akwai lokacin da ransa ya rataya ga kirkin mutanen da ba su san ko shi wane ne ba.

Ba'adare ba sai an yi masa dogon bayani a nan ba. Adar ƙasar duwatsu ce da kwari, damina ɗaya ba ta riƙe gida shekara, shi ya sa da an ɗaure hatsi maza ke kama hanyar cin rani, Abijan, Kumasi, Ikko, Kamaru, daga baya Libiya da Aljeriya. Lokacin da aka buɗe babban aikin farfaɗo da ƙasa na Kaita a 1984, da taimakon Italiya da hukumar FAO, mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu da haƙa ramukan tare ruwa, saboda mazan ba su nan. Su kuwa mazan, abin da ya riƙe su a can shi ne tsarin zango da maigida. Yaro ya sauka daga mota da jakar leda da sunan wani ɗan garinsu a baki, a kai shi wurin maigidan, ya ba shi gefen zaure, ya ci da shi, ya tsaya masa wurin masu gari, ya ajiye masa kuɗi har ranar komawa. Haka aka gina Sabo ta Ibadan da zangunan Kumasi da Akara. Sun kuma ɗanɗana abin da ke faruwa in mai masauki ya juya baya: korar baƙi daga Gana a 1969 zamanin Busiya, korar da aka yi a Najeriya a 1983, rikicin Kodibuwa na 2002 da na 2010 zuwa 2011, da yaƙin Libiya na 2011 da ya dawo da dubban 'yan Nijar gida hannu rabbana. Da wuya a sami gida a Tamaske ko Buza ko Ilela da ba a taɓa cin arzikin wani mai masauki na nesa ba.

Yanzu kuma Adar ce ta zama wurin gudowa. Tun da rikicin arewacin Mali ya ɓarke a 2012 mutane ke tsallakowa, aka sauke da yawansu a Intikan cikin gundumar Tiliya, inda aka bar makiyaya su zauna da dabbobinsu maimakon a killace su a sansani. Wutar ta biyo su. Ranar 6 ga Oktoba 2016 aka kashe sojoji 22 da ke gadin wurin 'yan gudun hijira a Tazalit. A 2017 aka sa gundumomin Tiliya da Tasara ƙarƙashin dokar ta-ɓaci. A ƙarshen Mayu 2020 aka kai hari Intikan, aka kashe shugabannin al'umma, aka lalata hanyar ruwan sha, dubbai suka sake watsewa. Ranar 21 ga Maris 2021 'yan bindiga a kan babura suka faɗa wa Intazayan da Bakorat da Wistan, gwamnati ta ce mutum 137 suka rasu. Ta kudu kuma, dubban mutanen jihar Sakkwato da 'yan fashin daji suka kora sun tsallako Bangi ta gundumar Madawa. Ga waɗanda ake tasa ƙeyarsu daga Aljeriya ana zubarwa kusa da Asamaka, waɗansunsu 'ya'yan Adar ne da kansu, suna gangarowa ta Arlit da Agadas. Waɗannan duka mutane ne da wani mai bindiga ko mai hatimi ya tayar, bai tambaye su ko lokacin ya yi musu ba.

A bakin tasha, cikin hunturun Disamba, abin ba shi da wuyar ganewa. Mace ce zaune a kan ƙunshin da ta ɗaure da zane, tabarma a naɗe, buta ɗaya, yaro a baya yana tari, wasu biyu sun lafe a jikinta, ƙafafunsu sun yi fari fat da kaushi. Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa ba. Sanyin asubar Tawa a wannan wata yana ratsa mai bargo balle mai gyale. Buƙatunta na daren farko ƙanana ne: rumfar da iska ba ta ratsawa, bargo, ɗan itace, tiyar hatsi. Na kwanakin da ke biye sun fi nauyi, ko da yake ba kuɗi suke ci ba: wanda zai raka ta gidan likita ya fassara mata, wanda zai nuna mata inda ake rubuta suna, da wanda zai tsaya gaban mai unguwa ya ce wurina ta sauka. Wannan na ƙarshe shi ne ainihin aikin maigida a zango, kuma shi ne abin da motar agaji ba ta iya saukewa.

Gaskiya ɗaya ya kamata Kiristoci su karɓa ba tare da jin nauyi ba: masu yin wannan aiki a Adar yau kusan dukansu Musulmi ne, talakawan ƙauye da 'yan unguwa da suka matsa suka ba dangi da wanda ba dangi ba wuri, suka raba rijiyar da su ma ba ta ishe su ba. Da karin maganar nan ta baƙonka annabinka suka tashi. Saboda haka ba wani sabon abu ake kiran Kirista ya koya wa maƙwabtansa ba, ana kiransa ne ya shiga sahu, kuma littafinsa bai bar masa hanyar zamewa ba. A sura ta 25 ta wannan Matiyu ɗin, yaron da aka gudu da shi Masar, bayan ya girma, ya lissafa saukar da baƙo cikin abubuwan da za a tambayi mutum ranar hisabi, ya ce abin da aka yi wa baƙon shi aka yi wa.

Za a ce mini Kiristocin Tawa 'yan tsiraru ne, da yawansu su ma baƙi ne, 'yan Benin da Togo da Najeriya da Burkina, ko ma'aikatan da aka turo daga wata jiha, suna zaman haya, ina suka ga wurin sauke wani? Maganar na da ƙamshin gaskiya, amma tana goyon bayan abin da nake faɗa ne. Wanda ya san zafin a tambaye shi takarda a shinge, ya san raɗaɗin a ce masa ba ɗan gari ba, shi ya fi cancanta ya gane mai ƙunshi a tasha. Kuma shari'ar da ta karɓi tattabaru daga wadda ba ta da rago ba ta neman abin da babu. Mai komin Baitalami ma bai gina ɗaki ba. Ikilisiyar da ke iya haɗa kuɗin anko da lasifika tana iya haɗa na barguna, filin majami'ar da ke zama fanko kwana shida a mako yana iya zama ajin koyon karatu ga yaran da lakwal ɗinsu ta rufe. Akwai ma tarihin da za a dogara da shi. Asibitin Galmi, wanda mishan ɗin SIM ya buɗe a 1950 a kudancin jihar, ya haura shekara 70 yana karɓar marasa lafiya daga Adar da Gobir da tsallaken iyaka, mafi yawansu Musulmi. Katolika, waɗanda Tawa ke ƙarƙashin dayosis ɗinsu na Maraɗi tun kafa shi a 2001, suna da ƙungiyar agaji ta CADEV. Haɗarin kawai shi ne mai bi ya nuna asibiti da ƙungiya ya ce ai an yi a madadinmu. Likitan Galmi zai ɗinke rauni, amma ba shi zai gaishe da baƙuwar unguwa da safe ba.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, ita ce tsoro, kuma wanda ya raina ta bai san abin da ya faru ba. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, sakamakon zanen ɓatancin wata jaridar Faransa da Kiristocin Nijar ba su da hannu a ciki, aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, 'yan sanda suka ƙirga 45 a Yamai kaɗai, mutum 10 suka rasa rayukansu a garuruwan biyu. A nan kusa, cikin Oktoba 2016, 'yan bindiga suka shiga Abalak suka kashe masu gadi biyu suka ɗauke Jeffery Woodke, Ba'amurke Kirista da ya daɗe yana aikin taimakon makiyaya a yankin, bai sami kansa ba sai a Maris 2023. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wasu kuma za su ƙara da cewa a cikin masu gudowa ana iya samun ɗan leƙen asirin masu bindiga, kuma ba za a rantse a ce ba a taɓa samu ba. Amsar ita ce labarin haihuwar bai hana taka-tsantsan ba. Yusufu cikin dare ya fita, masana taurarin ta wata hanya suka koma don kada su sake haɗuwa da Hirudus. Mai sauke baƙo a Tawa ta yau sai ya bi ta hannun mai unguwa da hakimi da magajin gari, ya sanar, a rubuta, ya yi tare da limamin unguwa da maƙwabta, kada ya yi a ɓoye. Abin da labarin ya la'anta shi ne a hukunta jama'a guda saboda tsoron mutum ɗaya, don wannan shi ne lissafin Hirudus daidai: yaro ɗaya yake tsoro, ya sa aka bi gida gida. Duk wanda ya rufe ƙofa ga dukan Buzaye ko dukan Fulani don wataƙila akwai mugu a cikinsu, da wannan lissafi yake aiki, ko da bai zare takobi ba. Game da tsaron Kiristoci kansu kuma, an ba da labarin Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a gidajensu a ranakun nan na 2015. Katanga mai tsawo tana da amfaninta, amma 'yan tsirarun da unguwa ta sani da alheri sun fi samun mai tare musu faɗa.

Hujja ta uku daga ɓangaren Musulmi take fitowa, kuma ta cancanci amsa ba kwana-kwana: shin wannan saukar baƙi ba tarko ba ne na janye mayunwata daga addininsu? Inda duk aka ɗaura bargo da sharaɗin zuwa majami'a, ko aka raba hatsi bayan wa'azin dole, zargin ya tabbata, kuma abin kunya ne ga mai yi, domin cinikin imani ne da wanda yunwa ta hana shi cewa a'a. Kirista na da 'yancin faɗin abin da ya gaskata in an tambaye shi, amma ba a kan cikin mai jin yunwa ba. Misalin da ya dace a bi yana cikin tarihin Musulunci kansa. Wajen shekara ta 615, da azabar Ƙuraishawa ta yi tsanani, Annabi Muhammadu (SAW) ya umarci wasu sahabbansa su yi hijira zuwa Habasha, wurin Najjashi, sarkin Kiristoci, saboda ba a zaluntar kowa a ƙasarsa. Ƙuraishawa suka aika Amru ɗan Asi da kyaututtuka a maido su. Sarkin ya saurari Ja'afar ɗan Abu Ɗalib, wanda ya karanta masa daga Suratu Maryam, ya ƙi miƙa su, kuma bai nemi su bar addininsu kafin ya ba su mafaka ba. Ruwayoyin Musulunci sun ce daga baya ya musulunta, amma ranar da ya buɗe ƙofa a matsayin sarkin Kiristoci ya buɗe ta. Musulmi da Kirista sun saɓa a kan ko wane ne Isa ɗan Maryamu, saɓani na gaske wanda ladabi ba zai shafe ba. Abin sha'awa shi ne labarin haihuwarsa ne aka karanta a wannan fada, ranar da mabiya addini ɗaya suka sami mafaka a hannun mabiyin ɗayan.

Masu karatun tarihi suna da tasu tambaya. Ƙidayar da aka sani ta zamanin Kiriniyus, wanda Luka ya ambata, an yi ta ne a shekara ta 6 bayan haihuwar Almasihu, Hirudus kuwa ya mutu kimanin shekara 10 kafin nan, kuma marubucin tarihin Yahudawa Yusifus bai ambaci kisan yaran Baitalami ba. Malamai sun daɗe suna muhawara a kan wannan, ba kuma a shafin jarida za a raba gardamar ba. Shi dai Yusifus ɗin ya rubuta cewa Hirudus ya kashe matarsa Mariyamni da 'ya'yansa uku saboda tsoron gadon sarauta, don haka halin da Matiyu ya ba shi ba baƙo ba ne. Ko ranar 25 ga Disamba ma ba ta cikin Linjila, a Roma aka fara ganin ta a ƙarni na 4. Amma wa'azina ga wanda ya riƙi littafin a matsayin maganar Allah ne, shi kuwa ba shi da damar ya ɗauki mala'iku da zinariya da lubban ya bar gudun dare.

Akwai wani nau'in masauki da ba na ɗaki ba, kuma Yusufu ne ya fara yin sa tun kafin tafiya Baitalami. Da ya ga Maryamu da ciki alhali ba su tare ba, yana da damar tona ta a bainar jama'a. Matiyu ya ce saboda shi adali ne ya ƙudura ya rabu da ita a asirce, tun kafin mala'ika ya bayyana masa gaskiyar al'amarin. Wato a lokacin da yake zaton an ci amanarsa ma, sutura ya zaɓa. Alƙur'ani shi ma ya kawo irin maganganun da mutanenta suka jefe ta da su da ta zo da jaririn. Cikin matan da ke isowa daga wuraren da 'yan bindiga suka ratsa akwai masu ciki da ba za su iya bayaninsa ba, akwai waɗanda ba su san ko mazansu na raye ba. A ƙauyukan 'yan cin rani kuma akwai matar da miji ya shekara uku a Libiya ba aike ba waya, idon gari na kanta. Irin waɗannan bakin mutane ya fi sanyin hunturu yi musu illa. Ƙungiyar zumuntar mata ta majami'a, wadda labari ke saurin yawo a cikinta kamar kowane taron jama'a, tana iya zama wurin da mace za ta zauna ba a ƙirga mata watanni ba.

Saura masu cewa duk wannan aikin gwamnati ne da hukumar HCR mai kula da 'yan gudun hijira. Nauyin farko nasu ne, babu ja. A Disamba 2018 Nijar ta kafa dokar kare waɗanda rikici ya raba da gidajensu a cikin ƙasa, ita ce ta farko a Afirka da ta yi irin wannan doka bisa yarjejeniyar Kampala, kuma ya dace a riƙa tuna wa mahukunta da ita. Amma hukuma da ƙungiya suna lissafi ne da watanni da kasafi, gudun hijira kuwa ba ya ƙarewa ranar da aka so. Matiyu ya nuna haka a ƙarshen labarinsa. Da Hirudus ya mutu Yusufu ya taso daga Masar, sai ya ji Arkilayus ɗan Hirudus ne ke mulkin Yahudiya, ya ji tsoro, ya karkata zuwa Nazarat. Mutuwar azzalumi ɗaya ba ta sa garin ya zama wurin komawa ba, kuma mai gudun ne ya auna ya yanke, ba wani ya yanke masa ba. Waɗanda suka tsallako daga Mali a 2012, 'ya'yan da suka haifa a Azawak sun isa shiga kwaleji, wasu ba su taɓa ganin garin da ake ce musu nasu ba. Mai masaukin irin waɗannan ba bargon dare ɗaya ne aikinsa ba. Zai ba da aron gona ko ya nemo mai bayarwa, ya ɗauki saurayi koyon walda ko ɗinki, ya daina tambayar yaushe za su tafi. Zai kuma kula da abin da iyaye cikin firgici suke mantawa, wato takardar haihuwa. Yaron da aka haifa a hanya ko a rumfa, in wa'adin rubuta shi ya wuce, sai an bi ta wurin alƙali da shaidu kafin ya samu, in babu ita kuwa zai sha wuya ranar jarrabawa da ranar neman katin ɗan ƙasa. A kusan kowace majami'a ta Tawa akwai malamin lakwal ko ma'aikacin likita ko akawun da ya san ƙofar da ake bi da takardar da ake cikewa, kuma zaman rabin yini a ofishin magajin gari tare da uwar da ba ta jin Faransanci yana cikin abin da zai iya a makon da ya biyo bayan Nowel.